Amya, akwatin Kenya ko na Langstroth: wanne ya dace da gidan da zai shiga kiwon zuma?

Duk gidan da ya yi niyyar kiwon zuma, ko gādo ne ko sabon shiga, tambayar farko da ke tare shi ita ce a cikin me zai ajiye ƙudan. Abu uku ne a gabansa: amya irin ta kaka da kakanni wadda ake ɗorawa a bishiya, akwati mai sanduna da ake kira na Kenya, sai kuma akwati mai firam (katako mai kusurwa huɗu da saƙa ke zama a ciki), mai hawa-hawa, wanda ya ci sunan Langstroth. Masu sayar da kayan kiwo da masu shirya bita sun saba jera su kamar matakala, amya a ƙasa, Langstroth a can sama, wai kowa ya yi ta ƙoƙarin hawa. Ni wannan jeri bai kwanta mini ba. Kowanne cikin ukun yana da gidan da ya dace da shi, kuma abin da ke raba zuma mai kyau da maras kyau galibi ba a wajen kafinta yake ba, yana wajen ɗiba da tacewa.

Amya ba ta cin kuɗi, ƙarfi take ci. Ana saƙa ta da gamba ko wata doguwar ciyawa, a shafe ta da kashin shanu ko laka, a toshe bakin a bar 'yar kafa. Wasu kututturen giginya suke fafewa, wasu kuma tsohuwar tukunya suke kifawa a gwafar ɗorawa ko kaɗanya. Ƙarfin amya yana cikin yawanta. Mutum ɗaya zai iya rataya 50 ko 100 a daji, in rabinsu suka kama ya ci riba, waɗanda ba su kama ba kuma bai yi asarar komai ba sai ciyawa da igiya.

Wannan lissafi ya dace da halin ƙudan da muke da su, kuma nan ne masu tallan akwati suke tsallakewa. Ƙudan zumar Turai sun saba da sanyi mai tsanani, dole su tara abinci su zauna wuri guda su ci. Namu na Afirka ta Yamma, da na yankin Sahel da suka fi su ƙanƙanta, ba haka suke ba. In fure ya ƙare, ko ruwa ya yi nisa, ko tururuwa ta dame su, ko an cika buɗe musu gida, sai su tattara su yi ƙaura gaba ɗaya, har da sarauniya. Ka zo da safe ka tarar da kango. Wanda ya zuba kuɗin buhunan masara ya sayi akwati goma, huɗu suka tashi, ya ji a jikinsa. Mai amya ko a jikinsa. Ga shi kuma taron ƙudan da ke neman masauki ya fi son wuri mai tsawo, shi ya sa amyar da ke saman bishiya takan riga akwatin da ke ƙasa kamawa.

Matsalar amya ita ce ba a ganin cikinta. Saƙar tana manne da bango, ba ta fita sai an yanke ta. Yadda aka saba ɗiba kowa ya sani: da dare, mutum ya hau bishiya da dami na ciyawa yana ci da wuta, ya cusa a bakin amya, ƙudan da suka ƙone su ƙone, sauran su gudu, ya yayo duk abin da hannunsa ya kai ya zuba a bokiti. A cikin bokitin nan akwai farar saƙa mai nunanniyar zuma, akwai wadda ba ta nuna ba, akwai baƙar saƙa mai 'ya'ya, ga garin fure, ga toka, ga matattun ƙuda. A matse su tare. Ruwan jikin 'ya'yan da ɗanyar zumar su ne ke sa bayan mako biyu ko uku kwalba ta fara kumfa, ta yi tsami, murfin ya kumbura. Don gudun haka sai a ɗora a wuta a tafasa, kakin ya taso sama a yaye. Zumar ta yi baƙi, ƙamshin fure ya tafi, ƙauri ya maye gurbinsa. Sau da yawa kuma garwashin da ya faɗo daga bishiya shi ke tayar da gobarar da za ta cinye dajin da ƙudan ke kiwo a ciki.

Amma a duba da kyau, duk waɗannan laifuffuka na hannu ne, ba na amya ba. Farar zumar Oku ta Kamaru, wadda ake samu a dajin tsaunin Kilum-Ijim, a shekarar 2013 ta samu rajistar kariya ta sunan asali, tana cikin kayan Afirka na farko da suka samu irin wannan shaida, kuma a cikin amyar gargajiya ta gora da ciyawa ake yin ta. A arewa maso yammacin Zambiya, zumar da ake ɗiba daga amyar ɓawon itace ta daɗe tana shiga kasuwar Turai da shaidar cewa babu maganin ƙwari a cikinta. Habasha, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka samar da zuma, fiye da kashi 90 cikin 100 na gidajen ƙudanta na gargajiya ne. Abin da masu kyautata sana'ar a waɗannan wurare suka canza kaɗan ne: hayaƙi mai sanyi maimakon harshen wuta, yankan saƙar da ta rufe kaɗai, barin 'ya'yan da ɗan abincinsu, da bokiti biyu, ɗaya na farar saƙa, ɗaya na saura. Amyar da ake iya buɗewa ta baya ta fi, domin ƙudan kan ajiye 'ya'ya kusa da ƙofa, zuma kuma can ciki.

Tun da maganar kyau ake yi, gara a san ma'aunin da kasuwar duniya ke aiki da shi, domin bai ambaci irin akwati ko sau ɗaya ba. Ƙa'idar abinci ta Codex ta ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Akwai kuma wani sinadari da ake kira HMF, wanda ke ƙaruwa in an dafa zuma ko ta daɗe a zafi. An yarda da miligiram 40 a kilo ɗaya, ga zumar ƙasashe masu zafi kuma har 80. Ma'ana, tafasawa da shanya jarka a rana a bakin titi su ne manyan abokan gāba. Ƙudan da kansu suna ba da alama: ba sa rufe ramin saƙa da kaki sai ruwan ya sauka wajen kashi 18. Saƙar da ta rufe ta nuna, wadda take buɗe da saura.

Akwatin Kenya an ɓullo da shi ne a farkon shekarun 1970, a wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Kenya da masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada. Dogon akwati ne, tsawonsa wajen mita ɗaya, gefensa a karkace, sama da faɗi ƙasa a tsuke. Ana jera sandunan katako a samansa, kusan 26 zuwa 30, suna manne da juna, ƙudan su gina saƙa ɗaya a ƙarƙashin kowace sanda. Karkatar gefen tana rage yadda suke manna saƙar a bango, don haka sai ka ɗaga sanda ɗaya ka duba, in zuma ce rufaffiya ka yanke ka bar ɗan tushe kamar faɗin yatsa, ka mayar. In 'ya'ya ne ka mayar ba ka taɓa ba. Da yake sandunan sun rufe saman, sanda biyu ko uku kaɗai kake buɗewa a lokaci guda, abin da ke rage fushin ƙudan namu, waɗanda kowa ya san ba su da wasa.

Abu ɗaya ne a jikin wannan akwati ba ya karɓar kuskure: faɗin sandar. Ga ƙudan Afirka milimita 32 zuwa 33 ne. In kafinta ya ga dama ya yi 38 don katakon ya ishe shi ba tare da ya ɓata lokaci ba, ƙudan za su gina saƙa a gicciye, ta haɗe sanda uku ko huɗu, shi ke nan ka sayi amya mai tsada. Ka tsaya a kansa da abin awo. A tsakiyar kowace sanda kuma a zuba siririn layin narkakken kaki, shi ne jagoran da suke bi, shi ne kuma ƙamshin da ke jawo su. Sauran jikin akwatin kuwa da abin da ya samu ake yi. A Habasha da kara da laka suke yi, a Senegal akwai masu yin na siminti saboda gara da gobara da ɓarayi. Tukurwa ma ta yi.

Wani alfanun da ba a cika faɗa ba shi ne akwatin yana zama daidai ƙugu, a kan ƙafar ƙarfe ko a rataye da waya tsakanin turaku. Babu hawan bishiya da dare. Dattijon da gwiwa ta fara ba shi matsala bai bar sana'a ba, mace ma za ta iya, yaro ɗan shekara 15 zai tsaya kusa da mahaifinsa ya ga sarauniya da idonsa. Ga gidan da ke son sana'ar ta wuce daga uba zuwa 'ya'ya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin samarin yanzu ba kowa ne zai yarda ya hau ɗorawa da wuta a hannu ba.

Raunin akwatin Kenya shi ne saƙar ba ta da waya da ke riƙe ta. In ka ɗaga sanda ka kwantar da ita a gicciye, musamman a zafin Afrilu da kakin ya yi laushi, sai ta karye ta faɗa ciki. Ba a ɗaukarsa a mota a bi hanya mai gargada. Kuma da yake yana ƙasa, duk abin da ke tafiya a ƙasa yana iya kai masa: kwarkwasa, ƙadangare, gara, dage inda yake, da ɗan Adam. Shafa baƙin mai a ƙafafun ko a wayar yana tare tururuwa. Ɗan Adam kuwa sai maƙwabci nagari.

Langstroth shi ne wanda ake gani a hotunan Amurka da Turai. Lorenzo Langstroth, wani limamin coci a Amurka, shi ya yi rajistarsa a 1852, bayan ya lura cewa in aka bar tazarar milimita 6 zuwa 9 tsakanin abubuwa biyu, ƙudan ba sa cike ta da saƙa kuma ba sa liƙe ta da danƙo, hanya suke mayar da ita. A kan wannan 'yar tazara aka gina duk kiwon zumar zamani. Saƙa tana cikin firam mai kusurwa huɗu da waya, 'ya'ya a hawan ƙasa, zuma a na sama, da raga a tsakani wadda ma'aikata ke wucewa amma sarauniya ba ta iya wucewa. Lokacin ɗiba a yaye murfin kakin da wuƙa, a sa firam a injin da ke juyawa, zumar ta fice, a mayar wa ƙudan saƙarsu lafiya lau. Nan ribar take. Ana ƙiyasta cewa ƙudan na cin kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su samar da kilo ɗaya na kaki, don haka wanda ya mayar musu da saƙa ya rage musu aiki, in fure na nan sai su sake cikawa cikin ɗan lokaci. A wurin da ke da fure sosai, a hannun wanda ya iya, babu wanda ya kai shi yawan zuma.

Sai dai sharuɗansa suna da yawa, kuma duk sai sun cika tare. Katako sai busasshe, domin ɗanye in ya sha hunturu zai lanƙwashe, tazarar nan ta ɓace, firam su liƙe. Ana bukatar faifan kaki da ake sa wa firam, wanda aka shigo da shi daga waje kuma an buga shi ne da girman ramin ƙudan Turai, kusan milimita 5.4, alhali namu ƙasa da 5 suke ginawa. Injin tatsa yana da tsada, gida ɗaya mai akwati biyar ba zai fanshe kuɗinsa da wuri ba. Saƙar da aka ajiye babu ƙuda a kai, asu kan cinye ta cikin makonni kaɗan a zafinmu. Sannan akwatin yana son a riƙa dubawa, a ƙara hawa in ya cika, a rage in fure ya ƙare; in aka bar ƙaramin taro a babban gida, asu da ƙwaron amya su fi ƙarfinsa, ya tashi. Ba sabon abu ba ne ka shiga ƙauye ka ga irin waɗannan akwatuna da wani shirin tallafi ya raba, kaji na ƙwai a ciki, ko uwargida ta mai da ɗaya ma'ajiyar kwanuka. Ba lalaci ba ne. An ba su akwati, ba a ba su inji da faifan kaki da mai koyarwa da zai dawo bayan wata shida ba.

Akwai kuma wanda ake yawan turawa a WhatsApp, wanda ake murɗa maɓalli zuma ta zubo cikin kwalba. Sunansa Flow, wani uba da ɗansa ne a Ostireliya suka fito da shi a 2015, suka tara fiye da dala miliyan 12 ta intanet. Dabara ce mai kyau, amma Langstroth ne da saƙar roba, tsadarsa ta ninka, kuma ba ya hana ƙuda ƙaura. A kalla a wuce.

In aka zo lissafin riba, mutane zuma kaɗai suke ƙirgawa, su manta da kaki. Amya da akwatin Kenya suna ba da kaki mai yawa, kusan kilo ɗaya a kowane kilo 10 zuwa 15 na zuma, Langstroth kuwa ɗan abin da aka yaye ne kawai. Kakin Afirka yana da daraja a waje saboda yawancin masu kiwonmu ba sa sa magani a cikin amya, ba kamar Turai da Amurka ba inda ake yaƙi da ƙwaron varroa da magunguna da ke saura a kaki. A yankin Adamawa na Kamaru, wajen Ngaoundal, kaki haja ce mai zaman kanta. Mu kuwa har yanzu akwai masu tsotse saƙa su tofar. Kaki ba ya lalacewa, ba ya tsami, ba ya bukatar kwalba. A narkar da shi a ruwan zafi, a tace da buhu, a bar shi ya daskare. Aikin cikin gida ne, mata za su iya riƙe shi gaba ɗaya, har su haɗa shi da man kaɗanya su yi man shafawa na hunturu.

Duk akwatin da aka zaɓa, dajin ne ke cika shi. Kafin a kira kafinta, a zagaya kilomita 2 zuwa 3 daga inda za a ajiye, domin kiwon ƙudan galibi bai wuce nan ba. Magarya tana fure wajen ƙarshen damina, gawo a farkon rani, mangwaro da kaɗanya da ɗorawa daga cikin hunturu zuwa bazara, shi ya sa babban ɗiban zuma yake zuwa kafin saukar ruwa. Inda masu gawayi suka share kaɗanya, ko Langstroth ɗari ka jera iska za su tara. Inda ake noman rani ana feshin maganin ƙwari da rana tsaka lokacin da fure yake buɗe, za ka riƙa share matattun ƙuda a ƙofar akwati. Magana da maƙwabta ta fi komai a nan: feshin yamma bayan ƙudan sun koma gida yana rage ɓarna, kuma mai riɗi da mai kankana su ma suna amfana da ƙudanka ko ba su sani ba. Rashin tsaro ma ya shigo lissafi. Dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku da dā ake shiga a rataya amya, yanzu ba kowa ke iya taka su ba, dole kiwo ya matso kusa da gari, inda bishiyoyi suka yi ƙaranci kuma mutane suka yi yawa. A nan akwatin Kenya ya fi amya, don gida kaɗan da ake kula da su sun fi yawa da ba a iya kai musu.

Matsowa kusa da gari tana da nata haƙƙin. Kada a ajiye kusa da turken dabbobi. Jaki ko akuyar da ke ɗaure ba ta da hanyar gudu in ƙudan suka fusata, kuma hakan na kashe su. A rani a ajiye musu ruwa a kasko, a zuba tsakuwa ko karare a ciki don su samu wurin sauka. In ba haka ba za su tare a bakin rijiya, mata su kasa ɗiban ruwa, ƙara ta kai gaban mai unguwa.

Wajen sayarwa kuwa, abin da ƙaramin gida yake da shi wanda babban ɗan kasuwa ba shi da shi shi ne amana. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken samfur 320 na zumar da aka shigo da ita, kashi 46 cikin 100 ana zargin an haɗa su da ruwan sukari. In haka ne a can, ba sai an faɗa wa mai saye a Kano ko Maraɗi ba. Shi ya sa mai talla yake ta rantsuwa, "Alhaji, farar saƙa ce wallahi, ba ta ga wuta ba," Alhajin kuma ya tsoma ashana ko ya ɗiga a ruwa, gwaje-gwajen da mai haɗi ya daɗe da sanin yadda zai tsallake su. Wasu ma in zuma ta daskare sai su ce sukari ne, alhali daskarewa ɗabi'ar zumar wasu furanni ce. Mai akwatin Kenya yana da amsar da ta fi rantsuwa: ya yanko sabuwar farar saƙa rufaffiya ya sa a roba mai murfi ya sayar a haka. Wanda zai sa tambari ya kai shago a Najeriya kuma sai da rajistar hukumar abinci da magunguna ta NAFDAC, wadda ta fi sauƙi ga ƙungiya fiye da gida ɗaya.

To wanne za a ɗauka? Gidan da ya gāji amya, yana da daji lafiyayye da mai iya hawa, kada ya bari a raina masa ita. Ya gyara ɗiba da tacewa, ya fara tara kaki, zai ga bambanci a kakar farko ba tare da ya sayi katako ko ɗaya ba. Gidan da ke farawa, ko wanda kiwonsa ya dawo bayan gari, shawarata akwatin Kenya ne, uku zuwa biyar, tare da 'yan amya a kan bishiyoyin kusa don kama taro. Langstroth sai in akwai gidaje da dama da za su haɗa kuɗin inji, da kafintan da ya san aikin, da fure mai yawa, da wurin da ɓarawo ba zai kai ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, a dakata.

In kuɗin hannu kaɗan ne, kada a ƙarar da su a akwati. A fara da rigar kariya mai ragar fuska, da abin busa hayaƙi, da bokitan roba sabbi masu murfi waɗanda ba su taɓa ganin manja ko fetur ba, da ƙyallen tacewa. Saƙar a farfasa ta a bar ta ta tsiyaye da kanta a ɗaki a rufe, kwana ɗaya ko biyu, ba wuta ba rana. Ƙaramar na'urar auna ruwan zuma, wadda ake ɗiga ɗigo ɗaya a leƙa, guda ɗaya ta ishi masu kiwon unguwa guda. A tuna lita ɗaya ta zuma kusan kilo 1.4 ce, don kada a cuci kai in mai saye ya zo da sikeli. Akwatunan kuma a shafa musu kaki a kai su daji tun damina ba ta gama ɗaukewa ba, domin daga nan zuwa cikin hunturu ne taron ƙuda ya fi yawo yana neman masauki.